Farashin Gaskiya a Kantin Gaddy

Duk wanda ya ce mini mutane suna son a faɗa musu gaskiya, sai in ce ya ja kujera ya zauna in ba shi labarin yayana Thurman Gaddy. Mutumin nan bai taɓa tauye wa kowa awo ba, ko da na yankan nama ɗaya, amma sai da garinmu ya yi wata goma sha ɗaya yana ce masa ɓarawo. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Ni ce autarsu, Earline. Mu biyar ne a gidanmu a Ozella, can kudancin Alabama, kuma cikin biyar ɗin Thurman kaɗai ya tsaya a kantin mahaifinmu. Sauran duk sun watse birane. Ni ma na tafi, amma da aurena ya mutu na dawo da akwati biyu da baƙin rai, sai ya ce, "Auta, ga teburin karɓar kuɗi can, ki zauna kafin ki samu abin yi." Shekara ashirin da shida na yi a kan kujerar nan.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa saboda tsayuwa a kan katakon yanka nama. Magana kuwa, kafin ya kai ƙarshen jimla ɗaya ka dafa kofi ka shanye. Matarsa ta rasu da wuri, bai sake aure ba, kuma ba su haihu ba. Motarsa tsohuwa ce, rigar zuwa cocinsa guda ɗaya. In ka tambaye ni me ya tara a duniya, zan ce suna. Mata sukan bugo waya su ce a yanka musu laba uku na naman sa, su zo su ɗauka a naɗe, ba wadda take ko kallon sikeli. "Na Gaddy ne," shi ke nan, magana ta ƙare. Wannan sunan shi ne gonarsa, shi ne 'ya'yansa.

To, kowa ya san yadda ake ciniki a wurinmu. Abin da aka manna a jikin kanta daban, abin da za ka biya in ka iso gabana daban. Jiha tana ɗaukar huɗu cikin ɗari, gunduma biyu, gari biyu. In ka tsallake gadar rafi ka fita daga iyakar gari, kason gari ya faɗi, shi ya sa kantin Doyle Crenshaw da ke can tsallake shida kawai yake karɓa. Da haka muka tashi, da haka iyayenmu suka tashi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Sai wata shekara majalisar gari ta ƙara ɗaya a kan nata don gyaran bututun ruwa, namu ya koma tara. An buga a jarida, a shafin ciki, ƙasan tallan taya.

Ranar Juma'ar farko bayan ƙarin, da yamma, an biya ma'aikatan injin katako albashi, layi ya kai har wurin firjin madara, sai ga Baba Alvis Tuggle. Shi ne ya koya wa Yaya yankan nama tun zamanin mahaifinmu. Ya haura tamanin, kuma duk Juma'a yakan zo da jerin kayansa a bayan tsohuwar ambulan, ya haɗa har da haraji da fensir tun daga gida, don kada ya ji kunya. Kayansa dala goma sha takwas da senti arba'in da biyar. Ya miƙo mini takardar dala ashirin yana jiran canjin senti bakwai. Inji ya ce ashirin da senti goma sha ɗaya.

"Sake bugawa, 'yar nan," in ji shi.

"Baba, gari ne ya ƙara ɗaya. Bar shi kawai, senti goma sha ɗaya ai ba komai ba ne."

"Ni bara na zo?"

"Haba Baba, wa ya ce bara? In ka dawo ka kawo."

Ya zaro gwangwanin kifi daga cikin kayan, na miƙa hannu in karɓa, ya hana. Da kansa ya juya da sandarsa, ya ratsa layin nan kaf, a hankali, ya je ya mayar da shi inda ya ɗauko, sannan ya dawo. Wani marar kunya daga baya yana cewa, "Yau kam sai mun kwana a nan." Na ɗaga kai na hango Yaya a bayan gilashin nama, wuƙa a hannu, ya daina yanka.

Ranar Lahadi bayan mun fito coci ya ce mini, "Auta, gobe da jibi ba za mu buɗe ba. Za mu sake takardun farashi duka. Abin da mutum ya gani a kanta, shi zai biya."

Na ce, "Yaya, ka san mutanen garin nan kuwa?"

"Na san su. Ba jahilai ba ne."

"Ni ma ban ce jahilai ne ba. Cewa na yi ka san su?"

Ya yi murmushi kawai. In Yaya ya yi wannan murmushin, gara ka je ka yi gardama da firji. Kaya sun fi dubu uku a kantin nan, ɗaya bayan ɗaya muka bi su, ni ina bugawa a inji shi yana mannawa. Kuma duk inda lissafi ya fito da ɗan rara, sai ya zubar da rarar. Galan ɗin madara na dala biyu da arba'in da tara, da haraji ya kama biyu da saba'in da ɗaya, ya rubuta biyu da saba'in. Burodin senti casa'in da tara ya kama dala ɗaya da senti takwas, ya ce a sa ɗaya da biyar, tunda abincin kowa ne. Sannan ya samu alluna biyu ya rubuta da jan fenti, harafi kamar tafin hannuna: HARAJI YANA CIKI, ABIN DA KA GANI SHI ZA KA BIYA. Ɗaya a ƙofa, ɗaya a kan kaina.

Ranar Laraba muka buɗe, ni kuma na zauna ina kallon ikon Allah. Mace za ta shigo, ta wuce ta ƙarƙashin allon nan, ta ɗauki madara, ta ga biyu da saba'in. Sai ka ga leɓenta yana motsi. Lissafi take yi! Tana ɗora haraji a kan farashin da harajin ya riga ya shiga, ta kai shi kusan dala uku, ta zaro ido.

"Haraji na ciki!" in ɗaga murya daga inda nake.

"To, to, na gani," ta ce, ta mayar da madarar cikin firji.

Wallahi har muryata ta dushe a makon farko. Wadda ma ta daure ta biya, ta ga ban ƙara mata komai ba, ta ce kai, abin ya yi kyau, in ta koma gida abin da za ta faɗa wa mijinta shi ne madara ta kai biyu da saba'in a Gaddy, alhali a wurin Doyle biyu da arba'in da tara ce. Lambar da ido ya gani ita ke zama a kai, ba wadda hannu ya biya ba. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina wata rana na ɗauki gwangwanin kofi zan kai gida, na kalli takardar da ni na buga da hannuna, sai na tsinci kaina ina ɗora masa tara cikin ɗari. Na ji haushin kaina kamar in mari fuskata.

Cikin mako na uku Doyle ya shigo da kansa, wai ya zo gaisuwa. Ajinsu ɗaya da Yaya tun firamare, kuma tun lokacin bakinsa ba ya rufuwa. Ya zagaya yana karanta takardu, hannu a aljihu, yana fito.

"Waliyyi! An ce ka gyara duniya, na ce bari in zo in sa albarka."

"Sannu da zuwa, Doyle," in ji Yaya.

"Kai Thurman, har yanzu kana nan da taurin kanka. Kana tsammanin don mugunta muke barin haraji a waje? Ni takardar talla ɗaya kamfani yake buga mana, mu kanti arba'in, kowa da harajin garinsa. Wanne za su rubuta? Na biyu kuma, in mutum ya iso wurin biya ya ga ƙari, gwamnati yake zagi, ba ni ba. Kai kuwa ka ɗauko zagin gwamnati ka rataya a wuyanka, kyauta."

Na ce, "Doyle, in ba sayayya za ka yi ba, ƙofar da ka shigo tana nan."

"Earline, har yanzu bakin nan naki? Ai shi ya sa..."

"Ƙarasa mana! Ƙarasa ka gani!"

Ya fita yana dariya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan banzan bai yi ƙarya ba. Mako na zagayowa ya kafa allo a bakin gada da farashinsa da namu gefe da gefe, nasa babu haraji, namu da shi, kuma bai ga dalilin da zai sa ya yi bayani ba.

Amma duk wannan wasa ne. Abin da ya karya mu burodi ne. Kamfanin da ke kawo mana burodi yana buga farashi a jikin leda tun daga can, casa'in da tara, babba, da rawaya, don jiha uku suke kaiwa. Wata Asabar da safe, kanti da ɗan jama'a, sai Goggo Hazelle Bozeman ta ɗauki guda. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma duk abin da ta faɗa da safe, kafin azahar ya kai ƙarshen gari. Ta kalli leda, ta kalli takardar farashin da ke jikin kanta, ta sake kallon leda. Sai ta ɗaga burodin sama.

"Thurman! Zo nan, ɗan nan."

Ya fito yana goge hannu. "Na'am, Goggo."

"Me aka rubuta a nan?"

"Casa'in da tara."

"A can kuma?"

"Ɗaya da biyar. Goggo, haraji ne na haɗa, da ma in kin zo wurin Auta..."

"Masu burodin da kansu sun ce casa'in da tara, kai ka fi su sanin burodinsu? Senti shida a kan kowane ɗaya! Da ranka da lafiyarka, kana dattijon coci? Mahaifinka da yana raye da ya mutu don kunya."

Na taso, na ce, "Goggo, watan jiya nawa kika biya a burodin nan? Ɗaya da takwas! Ragi ma ya yi miki!"

"Ke rufe mini baki, ba da ke nake ba." Ta buɗe jaka ta zaro rasit ɗin makon jiya. "To, ga wannan. A da ina ganin layin haraji a ƙasa, in san abin da gwamnati ta ƙwace mini. Yanzu ina yake? Ka ɓoye shi. Wa ya san ma ko kana miƙa musu?"

Yaya ya buɗe baki zai yi bayani, amma na faɗa muku yadda maganarsa take. Kafin ya haɗa kalma huɗu ta dangwarar da burodin ta fice. Ta shiga mota, ta tsallake gada, ta sayi irin burodin nan a wurin Doyle. Casa'in da tara da harajin shida cikin ɗari, ku lissafa da kanku: dala ɗaya da senti biyar. Mai karɓar kuɗin Doyle ƙawata ce, ita ta faɗa mini, ta ce har Goggo tana cewa gara nan, aƙalla ana tsoron Allah.

Daga ranar magana ta sauya. Da ana cewa Gaddy ya yi tsada, yanzu sai aka koma cewa Gaddy yana cin harajin mutane. Wani, har yau ban san ko wane ne ba, kuma Allah ya sa kada in sani, ya rubuta takardar ƙara zuwa ofishin haraji. Aka turo mai bincike, wani bawan Allah mai ladabi, ya yi kwana biyu a ɗakin baya yana duba takardu, ya fito ya ce komai daidai yake, har ya yi wa Yaya musabaha. To, wa ya ji wannan? Ni da Yaya. Abin da gari ya gani shi ne motar gwamnati ta yi kwana biyu a ƙofar kantin Gaddy.

Masu bugo waya suka daina. Wadda ta zo sayen nama sai ta ce a juyo mata da sikeli ta gani. Ranar da aka fara faɗa masa haka, wata yarinya ce da ya sani tun tana cikin zanen goyo, ya juya mata sikelin, amma da ta tafi sai ya shiga ɗakin sanyi ya daɗe bai fito ba. A coci gaisuwa ta gajarce. Akwai waɗanda suka tsaya mana, ban manta da su ba, yawanci tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suke shigowa da kuɗinsu a dunƙule a hannu. Baba Alvis ya ce tunda yake bai taɓa shiga kanti da kwanciyar hankali irin haka ba. Sai dai kwandonsu ƙarami ne, ba ya riƙe kanti. Nama yana baƙi a gilashi, madara tana wuce kwananta muna zubarwa.

Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, har kuka na yi. Kullum amsarsa ɗaya, "Za su gane, Auta. A ba su lokaci." A wata na goma sha ɗaya direban motar nama ya ce odarmu ta yi ƙanƙanta, daga wata mai zuwa ba za su riƙa tsayawa a Ozella saboda mu ba. Kantin Gaddy babu nama kuwa ba kanti ba ne. Yaya ya tsaya a ƙofa yana kallon motar har ta sha kwana, sannan ya juyo.

"Auta, ɗauko abin manna farashi."

Ni da na yi wata da watanni ina roƙonsa ya yi haka, ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan. Muka sauke alluna, muka bi kaya dubu uku muka mayar da su yadda suke. Kafin mako biyu kanti ya cika. Suna ɗaukar burodi a casa'in da tara, su zo gabana su biya ɗaya da takwas, madara biyu da saba'in da ɗaya, fiye da abin da suke biya jiya, suna fara'a suna cewa, "Kai, madalla, kaya sun sauko!" Ni kuma ina miƙa canji ina cizon leɓe.

Lahadi ta uku, lokacin ba da shaida a coci, Goggo Hazelle ta miƙe. Ta ce tana so ta gode wa Allah a gaban jama'a, don zumuntar mata ta yi kusan shekara tana addu'a a kan wani ɗan'uwa da son abin duniya ya ja shi, ga shi Ubangiji ya taɓa zuciyarsa ya dawo hanya. Ba ta kama suna ba, amma coci gaba ɗaya ya juyo yana kallon bencinmu. Fasto, sabo ne a lokacin, yaro mai kirki wanda bai san komai a kan maganar ba sai abin da aka faɗa masa, ya buɗe hannu ya ce, "Ɗan'uwa Thurman, ikilisiya ta yafe maka."

Na yunƙura zan tashi, Yaya ya damƙe mini wuyan hannu, damƙa irin ta mai yankan nama. Ya san in na buɗe baki, na kunyata Goggo a gaban coci, gobe kanti ya sake zama kango. Sai shi ya miƙe, a hankali, ya dafa bencin gaba, ya ce, "Na gode." Aka ɗauki tafi. Mata suna share hawaye, maza suna zuwa suna rungume shi, shi kuwa yana tsaye yana karɓa. Sawun yatsunsa ya kwana uku a hannuna.

Ya ƙara shekara goma sha tara a kantin. Ciniki ya dawo, waya ta dawo, bai sake tayar da maganar ba, in na tayar ma sai ya tashi ya ba ni wuri. Na ɗauka lokaci ya wanke abin.

Bara ya rasu, cikin watan Afrilu. Coci ya cika maƙil, har da 'ya'yan Doyle. Faston nan, yanzu ya yi furfura, ya hau ya yi jawabi mai daɗi a kan haƙurinsa da alherinsa. Can sai ya sassauta murya ya ce abin da ya fi burge shi da marigayi shi ne, mutum ne da ya taɓa zamewa sau ɗaya a rayuwarsa, kamar yadda manyan cikinmu suka sani, amma ya yi ƙarfin halin tuba a gaban jama'a. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Na ga wata uwa ta sunkuya tana raɗa wa 'yarta bayani.

Wannan karon babu mai riƙe mini hannu. Na miƙe, na ce, "Ƙarya ne! Yayana bai taɓa zamewa ba. Bai taɓa ƙara muku ko senti ɗaya ba, ragi ya yi muku, kuka ce masa ɓarawo, kuka sa shi ya yi muku godiya a kai!" Kowa ya ji, har na bencin ƙarshe.

Sai mata biyu suka taso suka kama ni ta kafaɗa, a hankali, suka zaunar da ni. Wata ta miƙo mini ruwa, wata tana yi mini fifita da takardar waƙa. Daga bayana na ji 'yar Goggo Hazelle, da muryar tausayi, tana ce wa ta kusa da ita, "Ku ƙyale ta, baiwar Allah. Ɗan'uwanta ne, dole ta kare shi."